Akwatin Francis

A coci na ji. Wannan ne abin da har yau ban yafe ba. Ba a ɗakina aka gaya mini ba, ba a gona ba, sai a coci, ranar Lahadi, gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando.

Sunana Ezekiel. Manomi ne ni, gidana yana cikin Zuru, gonata tana hanyar Dabai. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma in aka yi mini magana ina ganewa, in dai an yi mini ita duka. Abin da aka gaya mini a gida shi ne 'yata Glory ta samu gurbin karatu, za ta yi difloma a kan aikin lantarki, ta fito injiniya. Na tambayi wace makaranta ce, uwarta Saloma ta ce, "Makarantar injiniya ce, can Kudu." Ban ƙara tambaya ba, murna ta toshe mini kunne. Yarinyar ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya, makinta bai kai na jami'a ba, foliteknik na Birnin Kebbi ma ba ta samu shiga ba. Ta zauna a gida har ta fara ramewa, ba ciwo ba, zama kawai. Wanda ya ga haka, in aka ce masa hanya ta buɗe, ba ya tsayawa tambayar launin ƙofa.

Ni da kaina na ce za mu yi godiya a coci. Na ɗauki buhun dawa a kafaɗa, Saloma ta riƙe kaji, 'yan zumuntar mata suna buga tulu suna waƙa, muka taho gaba muna rawa. Ni da ban iya rawa ba, ranar nan na taka. Muna tsaye gaban Fasto sai Gabriel ya taso. Gabriel yayan Saloma ne, tsohon soja, ya yi ritaya yana Saje Manjo, duk gari Saje ake ce masa. Ba wanda ya kira shi. Ya karɓi abin magana daga hannun Fasto kamar yana karɓar fareti.

"Jama'ar Allah, ku taya mu murna," in ji shi. "'Yarmu Glory ta samu shiga makarantar injiniya ta sojoji. Gidanmu bai taɓa rasa wanda zai amsa sunansa a bariki ba, ga shi yanzu har matanmu sun taso!"

Coci ya ɗauki tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye da buhu a kafaɗa, baki buɗe, kamar wanda aka ɗauko haya ya kawo kaya gidan biki. Na dubi Saloma, ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar ƙafar kaji. Na dubi Glory, tana kallon silin. Na ajiye buhun, don na Allah ne, ba shi ya yi mini laifi ba. Na fita ta ƙofar gefe.

Sai na faɗi abin da ya sa, don wanda ba ɗan garin nan ba ne zai ce mutumin nan hauka yake yi.

A Zuru, ko falon wa ka shiga za ka ga hoton wani da kaki a bango. Wani uba ne, wani ɗa, wani duka biyun. Yaro in ya tasa ba a tambayarsa me zai zama, ana tambayarsa yaushe zai tafi Difo, inda ake horar da sababbin sojoji. Yara biyu Allah ya bar mana, Francis da Glory. Francis ne babba. Gabriel ne ya riƙa kiransa gidansa yana koya masa tsayuwa da sara, shi ya raka shi wurin ɗaukar sababbi, shi ya sa shi a mota. Yaron ya yi ƙoƙari, ban hana masa wannan ba. Aka tura su Arewa maso Gabas. Can ya faɗi, can aka binne shi tare da abokansa. Abin da ya dawo gida akwatinsa ne, baƙin akwatin ƙarfe, an rubuta sunansa da farin fenti, lambarsa ta soja a ƙasan sunan.

Ranar zaman makoki na miƙe gaban kowa na ce kaki ya karɓi na ƙarshe daga gidana. Gabriel yana wurin. Saloma tana wurin. Fasto ma yana wurin, shi da ya miƙa wa Gabriel abin magana.

Kuma na ɗauka Glory, da yake mace ce, ta tsira. Da malamanta suka ce kanta yana ja a lissafi, ni na je makarantar na ce a sa ta a kimiyya. A zuciyata na ce ko me za ta zama, nas, malama, mai haɗa magani, duk ɗaya ne a wurina, in dai da farar riga za ta je aiki ta dawo ta kwana a gida.

Da na isa gida daga coci, ɗaki na shiga na duƙa na leƙa ƙarƙashin gado. Ban san me ya sa na yi haka ba. Akwatin ba ya nan. Sai a ɗakin Glory na same shi a buɗe, an wanke shi, an shimfiɗa jarida a ciki, an jera zannuwanta da littattafan fizis, da filaya da abin gwada wuta da take yawo da su tana gyara wa maƙwabta fitilun sola. Kayan Francis kuwa, hularsa da bel da takalmansa, an zuba su a cikin baho an tura bayan ƙofa.

Akwatin nan ba akwati ba ne kawai. Na uban su Saloma ne tun asali, da shi ya je aikin soja. Ya ba Gabriel. Gabriel ya ba Francis. Haka ake yi a gidaje da yawa a nan: duk wanda zai tafi bariki a shafe sunan na baya, a rubuta nasa. In ka karkata shi a rana za ka ga inuwar sunan Gabriel a ƙarƙashin na Francis. Akwatin ya san hanya guda ɗaya tak.

Suka dawo suka same ni zaune a kansa a tsakar gida, na rufe shi da kayanta a ciki.

"Baban Francis," in ji Saloma. Har yau haka take kirana, ban taɓa cewa ta daina ba. "Ka fita ana cikin addu'a, mutane suna ta tambaya."

"Ki ce musu jakin da ya kawo dawa ya koma gida."

"Ka bari mu ci abinci, sai a yi magana."

"An yi magana ai. Yayanki ya yi ta da lasifika." Na juya wurin yarinyar. "Ke, zo nan. Makarantar wa za ki?"

Ta durƙusa nesa kaɗan. "Baba, ta sojoji ce, amma suna ɗaukar farar hula. Ba soja zan zama ba. Ɗaliba ce kawai, kamar a foliteknik. Difloma ɗaya ce."

"Wa ke tsaron ƙofar?"

"Sojoji."

"Wa ke koyarwa?"

"Wasu sojoji ne, wasu farar hula."

"Shugaban makarantar fa, limami ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"To me ya rage? Bindiga kawai."

"Baba, ba sa yajin aiki," ta ce. "In an ce shekara biyu, shekara biyu ce. Kuma suna da injuna na gaske. Mu kimiyyar da muka yi a allo muka yi ta. Malam ya zana janareta da alli, mu kwafa, mu haddace. Na ci jarabawa a kan abin da ban taɓa riƙewa a hannuna ba. Ina so in buɗe cikin abu in ga yadda yake, Baba. Taransifomar unguwar nan tun yaushe ta ƙone, kowa sai ya wuce ya yi tsaki."

"Sai ke za ki gyara ta."

"Wani ne zai gyara ta. Me ya sa ba ni ba?"

"Da bakina kike wasa?"

"A'a, Baba."

Na ce ba inda za ta. Na ce ta sake zama jarabawa baɗi, ta nemi Birnin Kebbi, ta nemi Sakkwato, ta nemi ko'ina da ba a busa bigila da safe. Na juye kayanta a kan tabarma, na mayar da na Francis, na ja akwatin da kaina har ƙarƙashin gadona. Sannan na ɗauki babur na nufi gidan Gabriel.

Yana ƙarƙashin mangwaronsa da sauran 'yan fansho, suna buga dara, har yanzu da kwat ɗin coci a jikinsa. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, ga uban injiniya! Ku ba shi kujera. Mijin ƙanwata, ina ka ruga? Ko daɗi ne ya sa ka zawo?"

Suka yi dariya. Ban zauna ba.

"Saje, me na yi maka?"

"Kamar yaya?"

"Na yi golmo, noman neman aure, a gonar ubanka, shekara da shekaru ina noma ni da abokaina kafin a ba ni Saloma. Kai kana bariki kana cin biredi da shayi. Gadon bayana ne ya lanƙwashe a gonar nan, ba naka ba. Na gama, aka ba ni mata, ba wanda ya ce akwai saura. To me ya sa kake ta karɓar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya?"

Dariyar ta mutu. Wani tsoho ya tattara 'ya'yan dararsa ya matsa gefe.

"Ezekiel, ka iya bakinka," in ji Gabriel.

"Ba zan iya ba. Kai ka iya naka a coci?"

"Wai mi ne ne laifin? Yarinya ta samu makaranta mai kyau. Wasu suna ta nema ba su samu ba. Ku farar hula matsalarku ke nan, in kun ga kore sai gabanku ya faɗi, ko ganyen rama ne."

"Ka dube ni ka gaya mini gaskiya. In ta gama diflomar nan, za su iya ɗaukarta soja ko ba za su iya ba?"

Ya gyara zama. "Ba wanda zai tilasta mata."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"In tana so, hanya a buɗe take. Masu sana'a a hannu ana son su. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ka ji ko!" Na juya wurin sauran. "Kun ji da kunnenku. Shekara biyu tana ganin kaki safe da yamma, tana jin ana sara wa mutane, sannan a ce ba wanda zai tilasta mata. Haka ka ce a kan Francis. Ba wanda ya tilasta masa."

Gabriel ya miƙe. Ya fi ni tsawo, ko da ya tsufa. Na ɗauka mari zai kawo, kuma wallahi da na rama.

"Akwatin nan da ke ɗakinka," ya ce a hankali, "ni na je na ɗauko shi. A kan cinyata ya zo tun daga can har Zuru, ban yarda an sa shi a but ɗin mota ba. Kada ka sake yi mini magana kamar kai kaɗai ka yi rashi." Ya nuna ni da yatsa. "Kuma kafin ka zo kana zagina gaban mutane, je ka tambayi matarka wa ya zo wurin wa. Ni ban je gidanka neman kowa ba."

Na tada babur na tafi ban yi sallama ba.

Saloma tana bayan gida tana fige ɗaya daga cikin kajin da suka rage. Na tsaya a kanta.

"Ke kika je wurinsa?"

"Ni na je."

"Ke da kika haifi Francis?"

Ta ajiye kazar a cikin kwano, ta goge hannu a zani. Sai ta koma yarenmu, C'lela, wanda ba ta yi mini sai magana ta kai magana.

"Kana jin yaran nan da ke gudu da sassafe suna waƙa, masu shirin ɗaukar soja? Da suke hawa dutse su sauko?"

"Wa bai ji su ba? Su ne suke hana mutane barci."

"'Yarka tana cikinsu tun kaka."

Na ce ƙarya ne. Na ce addu'ar safe take zuwa, da idona nake ganinta tana fita da ɗankwali.

"Da ɗankwali take fita. Wandon gudu yana cikin jakar Littafinta, takalmin yana gidan su ƙawarta Success. Ni na wanke wandon, na san ƙurar dutse in na gan ta. Success ta tafi Difo bara, ka sani. Sauran 'yan ajinsu ma sun bi. Da sakamakon kimiyya irin nata ba za a mayar da ita ba, ranar farko za su ɗauke ta. Ta gaji da zama, Baban Francis. Kai kana gona tun safe, ni nake ganinta tana kwance rediyo tana ɗaurawa, ta sake kwancewa, ba don ta lalace ba."

"Shi ne ba ki gaya mini ba."

"In gaya maka ka yi me? Ka yi ihu, ka kulle ƙofa, ta tsallake katanga? Na je wurin Yaya na durƙusa na ce ya nemo mini wani abu da zai riƙe ta wanda ba Difo ba. Ya ce abin da ya sani ke nan, makarantar da ke ɗaukar farar hula. Ta nema da makinta, ta samu. Tun ranar da ta ji ta samu ba ta sake fita gudu ba. Ka lura?"

Ban lura ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

"Akwatin fa? Wa ya ce ki taɓa shi?"

"Shi ne mai ƙarfi a gidan, ɓera ba ya shiga." Ta sake ɗaukar kazar. "Kuma na gaji da share ƙarƙashin gado ina kauce masa."

Kwana da kwanaki ban ci abincin gidan ba, a kasuwa nake ci. Ina jin haushin Saloma da ta ɓoye mini. Ina jin haushin Gabriel da bakinsa. Ina jin haushin garin nan duka, garin da yaro zai yi karatun kimiyya ya gama, ya duba gabas ya duba yamma, ba abin da ke kiransa da suna sai bariki. In na ji yaran nan suna wucewa da safe suna waƙarsu, sai in fito bakin ƙofa in tsaya ina duba fuskokinsu ɗaya-ɗaya. Ba ta ciki. Amma na san in na riƙe ta har lokacin ɗaukar soja ya zo, wata safiya zan gan ta.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe karɓar sababbin ɗalibai, na ce Glory ta biyo ni gona. Muka yi aiki har rana ta take. Da muka zauna ƙarƙashin ɗorawa, na ciro Littafi Mai Tsarki daga buhuna na ajiye tsakaninmu.

"Zan bar ki ki tafi," na ce. "Amma ki ɗora hannu a nan ki rantse mini ba za ki taɓa sa kaki ba. Ko sun roƙe ki, ko sun yi miki alkawarin me."

Ta dubi Littafin, ta sa hannayenta biyu tsakanin cinyoyinta.

"Baba, yau ba na son soja. Lantarki nake so. Gudun da na yi, don ban ga wata hanya ba ne."

"To rantse."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Yaya Francis ya rantse maka zai dawo. Ina wurin, a kan Littafin nan ne. Ba ƙarya ya yi ba, bai dai san gaba ba. Ni ma ban sani ba. In na rantse don ka bar ni in tafi, na cuce ka."

Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba tun tana ƙarama, kuma ranar ma ban yi ba, amma hannun ya tashi, ta gani. Ba ta kauce ba. Na sauke shi, na ɗauki fartanya na shiga cikin dawa na yi ta sara har da abin da ba ciyawa ba. Da na waiwayo tana can ɗaya kunyar tana nata aikin, tana share ido da gefen ɗankwali.

Washegari na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Na kwashe kayan Francis na jera su a cikin durowata, inda ya kamata su kasance tun farko. Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai wa Philip, mai feshin fentin motoci a bayan tasha.

"Baba Ezekiel, wannan ai na soja ne. A sabunta baƙin?"

"Kankare shi."

"Duka?"

"Ka bar sunan. Lambar ce ba na son gani."

Ya fara kankarewa. Lambar Francis ta tafi, sai ta Gabriel ta fito a ƙarƙashi. Ya kankare ta, sai ga ta tsohon, uban su Saloma, ta dushe amma tana nan. Philip ya tsaya ya dube ni.

"Wannan tarihi ne fa, Baba. Saje ya sani?"

"Sunan nawa ne, ni na raɗa masa. Lambobin nasu ne, su je su nema a ofis. Ci gaba."

Ya ci gaba har ƙarfe ya fito fari. Ya manna takarda a kan sunan Francis don kada fenti ya taɓa shi, ya ce wane launi. Na ce ko wanne, ban da kore, ban da baƙi, ban da duk abin da soja zai iya ɗauka a kafaɗa bai ji kunya ba. Ya shiga shago ya yi ta motsa gwangwanaye, ya leƙo yana dariya.

"Akwai ragowar ruwan hoda, na ƙofar shagon mai gyaran gashi. Amma Baba, wannan ko amarya sai ta yi tunani."

"Shi nake so. Ka yi masa shafi biyu."

Da na shigo da shi gida Saloma ta dafe ƙirji. Glory ta fito ta tsaya, ta zagaya shi, ta ga sunan yayanta fari a tsakiyar ruwan hoda, ta ga ba lamba.

"Baba, da wannan zan shiga bariki?"

"Da shi. Duk wanda ya hango ki daga nesa ya san ba tasu ba ce. Ki rubuta sunanki a ƙasan nasa, suna kawai. In kika dawo mini da lamba a jikin akwatin nan, kada ki shigo da shi gidana."

"Baba, na gode."

"Kada ki gode mini. Ban yarda ba, bari kawai na yi."

Ranar tafiya Gabriel ya zo tasha, da sandarsa da hularsa. Yana hango akwatin a saman mota ya tsaya cak.

"Wane ɗan iska ya yi wa akwatin ubana haka?"

"Ni ne," na ce.

"Akwatin da ya je yaƙi! Ka mai da shi na 'yan kitso!"

"Ya yi ritaya, Saje. Kamar kai."

Yaran mota suka fashe da dariya. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya matsa kusa ya karanta sunan Francis. Ya daɗe a wurin. Sannan ya je ya sa wa Glory albarka, ya juya ya tafi. Har yau ba ma gaisawa. A coci yana zama dama, ina zama hagu, Fasto ya yi wa'azin gafara har ya gaji.

Da ta isa ta kira a wayar uwarta, aka miƙo mini. Ta ce hanya lafiya. Ta ce sun ga ɗakin injuna ta taga, wani janareta a buɗe, cikinsa duk a waje, ta ce har ta kasa tafiya. Muryarta irin wadda ban ji ba tun tana aji ɗaya. Sai ta ce sojan da ke bakin ƙofa da ya ga akwatin ya yi ta dariya har ya kira abokinsa. Ya tambaye ta wane ne Francis. Ta gaya masa, ta faɗi inda ya faɗi. Ta ce sai ya daina dariya, ya ɗauki akwatin a kafaɗarsa, ruwan hoda da komai, ya kai mata har ƙofar ɗakin kwanansu.

"Suna da kirki, Baba," ta ce.

Da kirkin suke farawa, na sani, na ga yadda aka yi da na farko.

"Glory."

"Na'am, Baba."

"Gobe ki ɗauki kayanki da kanki."

Na miƙa wa Saloma wayar, na ɗauki fartanya na fita.